Ɗumamen Ƙarfe Bakwai

Ku yi haƙuri da jinkirina, 'yan uwa masu karatu. Wannan kashin ne ya fi ba ni wahala, sau uku ina farawa ina gogewa. Ko yanzu da shekaru suka ja, ban manta wancan makon na daminar 1999 ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Mairo, 'yar Malam Inuwa ta unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya. A lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun injiniyan lantarki, mu biyu ne kacal mata a ajin. Mai nemana kuwa Zailani ne, mai shagon gyaran rediyo da waya a bakin Ƙofar Kuyambana. Manyansa sun zo gaisuwa, an karɓi goro, saura a sa rana. Sai waya ta shiga tsakani.

Layin wayar gidanmu a zaure ya tsaya. Baba kuwa ciwon gwiwa ya sa shi gaba, daga turakarsa zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Ga shi kullum ƙarfe bakwai na safe wansa, Baffa Dogara, sai ya bugo daga Kaduna su gaisa. Baffa shi ne babba a gidanmu, shi ne kuma waliyyina, in bai ce a sa rana ba babu mai sawa. Zailani ya ga wahalar da Baba ke sha, sai ya samo masa sabuwar waya marar igiya, irin wadda ko a Kano ba ta yi yawa ba. Ya kafa gindinta a zaure, ya miƙa wa Baba kan wayar a turaka. Ranar Baba har addu'a ya yi masa.

Ba a yi kwana uku ba aka fara. Baffa zai bugo, su gama "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali," da zarar sun shiga magana ta gaske sai wayar ta ɗauki wani irin ƙugi, kamar an saki ƙudan zuma cikin gwangwani. Minti uku, huɗu, sannan ta dawo daidai. Zailani ya zo da rana ya gwada, lafiya ƙalau. Ya dawo da la'asar, lafiya ƙalau. Ya canza ta da wata sabuwa fil irinta, washegari ƙarfe bakwai da minti biyar ƙudan zuman suka dawo. A gaban Baba da dattawan zaure ya dafa ƙirji ya ce wayar nan ba ta da aibi. Wannan maganar ce aka kai wa Baffa.

"Yaron nan ɗayan biyu ne," in ji Baffa, Baba kuma ya maimaita mana a tsakar gida. "Ko bai san aikinsa ba, ko ya sani yana yi mana ƙarya. Ko wanne ne, ban ga abin ba shi 'ya ba. Ranar Juma'a zan bugo. In na ji wannan ƙarar, a mayar musu da goronsu."

Ku ji fa. Shekara biyu muna tare da bawan Allah, ba a taɓa kama shi da ko tsinke ba, amma ƙugin waya zai raba mu. Babu wanda ya tsaya ya tambayi me ke kawo ƙarar. Abin da ke cina da mutanenmu ke nan. In abu ya lalace ba a neman dalilinsa, wanda za a ɗora wa ake nema.

Ranar Litinin ina fitowa daga lacca na tarar da Zailani a ƙofar hostel ɗinmu na ɗalibai mata, ya jingina da Vespa ɗinsa. Shadda ce ruwan toka a jikinsa, duk ta yamutse, hular ma a karkace. Wanda kullum sai ya tsokane ni, ranar ko murmushin kirki bai yi ba.

"Injiniya, na kawo ƙara."

"Ai na ji an ce kai ne injiniyan. Mu 'yan takarda ne."

"Na janye. Wallahi na janye." Ya ciro kaset daga aljihu. "Na roƙi Baba ya bar rikoda a kusa da wayar jiya da safe. Ga ƙarar nan na ɗauko. Na saurara har kunnena ya gaji. Ba layi ba ne, ba batir ba ne, ba ruwan sama ba ne. Mairo, ni dai ban san mene ne ba."

A bayan kaset ɗin ya rubuta da jan biro: "In kin gano, ki taimaki maraya." Uwarsa da ubansa duk suna raye, ku sani.

To, bari in gaya muku aikin da nake yi a lokacin, don a nan abin ya haɗu. Aikina na kammala digiri a kan injin ɗumama abinci ne, wanda ake kira maikurowef. A cikinsa akwai wani ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu ba, sunansa maganetiron, shi ke watsa igiyoyin da ke zafafa abincin. Ba shi da natsuwa. Kunnuwa yake yana mutuwa sau hamsin a kowace daƙiƙa, yana bin bugun wutar lantarki, kuma duk tashi da duk faɗuwa sai ya fantsama hayaniya a kan na'urorin da ke maƙwabtaka da zangonsa. Ba mu da injin a sashenmu, don haka a cikin kwamfuta na gina nawa. Wata biyar ina rubuta lissafinsa layi-layi, ina bin layin jiran kwamfuta, ina yawo da faifai biyu a jaka cikin leda saboda ruwa. In na ba ta ƙarfin wuta, sai ta zana mini yadda hayaniyar za ta bazu. In na rage wutar, kamar yadda take zuwar mana a cikin birni, sai zanen ya ƙara faɗi. 'Yan ajinmu har suna suka sa mini, wai Hajiya Mai Ɗumame.

"Wa ke da wannan abin a Zariya?" in ji wani. "Ki yi aikin da zai amfani mutane mana."

Ranar Talata na sa kaset ɗin Zailani a na'urar da ke zana sauti a gilashi. Ina ganin zanen na gane shi. Hayaniya, shiru, hayaniya, shiru, sau hamsin a daƙiƙa. Na ciro takardar da kwamfuta ta buga mini tun watan jiya, mai huji-huji a gefe, na kara ta a jikin gilashin. Kamar a kanta aka kwafa. Na tuna lambar da ke rubuce a gindin wayar Baba, 2.4, zango ɗaya da na maganetiron.

Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Wata biyar ana yi mini dariya, ga shi abin da na lissafa ya fito a zahiri. Sai daga baya tambayar ta zo: injin wa? A duk Kusfa gida ɗaya na sani da ke da shi. Namu.

Yayana Jibril ne ya aiko da shi daga Jidda, inda yake aiki, saboda Umma. Umma tana da ciwon ƙirji, in hayaƙi ya shige ta sai ta wuni tana numfashi kamar ana jan zarto. Ranar da aka buɗe kwalin, maƙwabcinmu Malam Lado yana zaure. Ya ce shi ya ji abincin da aka sa a irin wannan akwatin mutuwa yake yi, wutar da ba a gani ba ta barin albarka. Baba bai tambayi kowa ba, ni da nake karatun abin ma bai dube ni ba. A gaban mutane ya ce, "Wallahi ba zan ci abin da ya fito daga akwatin nan ba." Shi ke nan aka kai shi ɗakin Umma, aka ɗora a kan kabad tsakanin jeren kwanukan samira, aka rufe da farin ƙyalle mai surfani. Akwatin Jidda muke ce masa. Ni a sanina ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi a wuta ba.

Laraba da azahar na hau motar birni na dawo gida. Umma tana bayi. Na shiga ɗakinta, na ɗage ƙyallen, na buɗe murfin. Ƙanshin daddawa ne ya fara dukana. A rufin ciki ga ɗigon miyar kuka ya bushe. Igiyar kuma an bi da ita ta bayan kabad, an soke ta a soket ɗin da ke jikin bangon da ya raba ɗakin da turakar Baba.

"Me kike nema a nan?"

Tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ɗaurin ƙirji da tsohon mayafinta ruwan ƙasa. Ba ta yi kama da wadda aka kama ba. Kama ta yi da wadda ta gaji.

"Umma, tun yaushe?"

Ta ajiye butar, ta saki labule, ta zauna a bakin gado.

"Rage murya. Tun bayan babbar salla."

"Kullum?"

"In akwai wuta. Ke kina makaranta, me kika sani? Malam ba ya karyawa sai da ɗumame, kuma ba ya cin na hannun kowa sai nawa. Itacen damina kin san halinsa. Ranar nan ina hura wuta na faɗi a madafi, ba wanda ya sani, na farfaɗo na tashi na ci gaba. Da na shigo ɗaki na ga akwatin da yayanki ya aiko, na ce to, Allah na tuba."

"Amma me ya sa sai ƙarfe bakwai?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Abin yana da ƙugi, in ya gama kuma ya buga ƙararrawa. Da can in Malam ya tafi zaure ɗaukar waya nake kunnawa. Yanzu da aka kawo masa ita ɗaki, sai in jira su yi nisa da Baffanki, in ya fara ɗaga murya ba ya jin komai. Kwanan nan ma har ya fi ɗagawa."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na zauna a ƙasa na buɗe takardata a kan tabarma, na nuna mata zanen, na yi mata bayani da Hausar da ta fi sauƙi. Akwatin ne ke sa wayar ƙugi. Ƙugin ne ke sa Baba ihu. Ihun ne take fakewa da shi. Ta daɗe tana kallon takardar, ko da yake na san ba zanen take gani ba.

"Wato ni ce na jawo wa yaron nan."

"Ba ke ba ce, Umma. Rantsuwar da aka yi ba tare da an tambayi kowa ba ce. A gaya wa Baba gaskiya kawai. Ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, an wuce wurin. Malamai sun faɗi hukuncin, ba sabon abu ba ne."

"Ke komai a wurinki lissafi ne." Muryarta ba ta tashi ba. "Kaffara ce ta dame ni? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa sa wa mutumin nan abu a gaba na ce masa ga abin da ne alhali ba shi ba ne. Kullum sai ya ce, ɗumamen itace daban ne, in ce haka ne, Malam. Da wane ido zan dube shi? Kuma Malam Lado ya ji, gobe duk Kusfa ta ji."

"To Zailani fa?"

"Ki bar mini. Ranar Juma'a wayar ba za ta yi ƙara ba."

Na san abin da take nufi, itace za ta koma, na kuma yi shiru. Wannan shirun har yau ina jin kunyarsa.

Alhamis da la'asar Zailani ya zo zance. Na saka atamfata kore mai ganye, na yafa gyale, ko hoda ban shafa ba. Muka zauna a dakalin soro na biyu, yayyafi yana sauka. Na gaya masa komai. Na zaci zai yi tsalle, sunansa ya wanku. Sai ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe yana juya ta.

"Umma ta faɗi a madafi?"

"Abin da ka ji ke nan a duk maganar?"

"Shi ne babba ai." Ya mayar da hular. "Ki ji, gobe da sassafe zan zo in ja igiya daga zaure har turaka, in sa masa waya ta da. In ce na duba na gano tawa ce ba ta da kyau."

"Ka ce ka yi ƙarya ke nan. A gaban dattawa ka dafa ƙirji."

"Sai in ce na yi kuskure."

"Baffa ba ya bambance kuskure da ƙarya, ka sani. Goronku zai dawo."

"In ya dawo mu sake kawowa. Mairo, ni ba zan shiga gidanku ta kan tona asirin mahaifiyarki ba."

Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye.

"Kai za ka yi ƙarya don ka rufa wa Umma, Umma tana ƙarya don ta rufa wa Baba, Baba ya yi rantsuwa don ya burge Malam Lado, Malam Lado kuma ko fitilar ƙwai bai iya gyarawa ba! Kowa yana rufa wa kowa, ba mai cewa ga abin da ke faruwa. Ni na gaji, Zailani. Na auna abin nan, na san shi, ga shi a takarda."

"Na yarda da takardarki, Injiniya. Amma takardar ba ta zauna da Baba shekara talatin ba."

"Kar ka zo gobe. In ka zo da igiyar nan, ni da kaina zan mayar da goron."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya tashi ya buga Vespa sau huɗu kafin ta kama.

Juma'a aka wayi gari da ruwa. Akwai wuta, ƙwan tsakar gida yana ci ja-ja. Na idar da salla na fito na tarar Umma ta riga ni shiga madafi. Na ce ta kawo in hura, ta ture hannuna.

"Ya san hannuna. Je ki share tsakar gida."

Itacen ya sha ruwa, hayaƙi fari mai kauri ya cika madafin har yana fitowa ta saman ƙofa. Tana durƙushe tana fifita da murfin kwano, tana tari, tana tsayawa ta dafa bango, ta sake sunkuyawa. Ina riƙe da tsintsiya ban share komai ba.

Ƙarfe bakwai daidai wayar ta yi ƙara a turaka.

"Salamu alaikum, Yaya. Lafiya lau. Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ya ɗan saurara. "A'a, yau ina jinka tangaran. Ko'ina. To ka gani, wataƙila yaron ya gano abin."

Minti biyar suka wuce, wayar ba ta yi ko tari ba. Umma ce ke yi. Na ji Baba yana dariya, na ji ya ce, "Bayan Mauludi? To, duk yadda ka gani, Yaya." Ranar aurena ake sawa. Abin da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ke nan, ga shi yana zuwa ta tagar turaka, ni kuma idona yana kan bayan Umma da ke sama yana ƙasa.

Sai na yi lissafin da ban taɓa ba kwamfuta ba. Baffa ba yau kaɗai zai bugo ba. Gobe zai bugo, jibi zai bugo. Ni in an ɗaura in tafi ɗakina, ita kuma kowace safiya ta durƙusa a gaban jiƙaƙƙen itace don waya ta yi shiru, don kada a ce surukinta maƙaryaci ne. Har ranar da za ta faɗi ba ta farfaɗo ba.

Na jingine tsintsiyar. Na ɗauki sauran tuwon jiya a kwanon tangaran, na zuba miya, na shiga ɗakin Umma. Na yaye ƙyallen na jefa kan gado. Na ɗage labulen ƙofa na rataye shi a ƙusa yadda duk gidan zai ji. Na sa kwanon, na rufe, na murɗa.

Ƙugin ya tashi.

"Halo? Yaya? Halo! Ka ji ta kuma, ta dawo! Halo!"

Daga nan Baba ya daina ihu. Ina jin ya sauke wayar daga kunnensa, karo na farko ya ji ƙarar ta bango ba ta waya ba. Daga madafi na ji murfin kwano ya faɗi ƙasa. Ban kashe ba. Na tsaya har abin ya gama ya buga ƙararrawarsa.

Sandarsa na fara ji, ƙwas, ƙwas, a kan simintin tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofa da farar jallabiya, wayar tana hannunsa na hagu. Umma tana bayansa, idanunta jajur, hawayen hayaƙi yana bin kuncinta, tana ƙoƙarin danne tari ya ƙi dannuwa.

"Baba," na ce, "ga abin da ke lalata maka waya. Zailani bai yi ƙarya ba. In kana so in sake kunnawa ka saurara."

Bai dube ni ba. Ya dubi akwatin, ya dubi kwanon da ke tururi a ciki, sannan ya juya a hankali ya dubi Umma. Ya daɗe yana kallonta, yana jin yadda numfashinta ke fita.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan babbar salla, Malam."

Ashe layin ya katse, sai ga wayar ta fara ƙara a hannunsa. Baffa ne, babu shakka, yana son jin dalili. Tun da nake ban taɓa ganin Baba ya bar kiran wansa ya yi ƙara sau biyu ba. Ta yi uku, ta yi huɗu. Ya miƙo mini ita ba tare da ya ɗauke ido daga kan Umma ba.

"Ke kika kunna, ke za ki yi masa bayani. Fita, ki sakar mana labule."